Tsakanin Fara da Ja: Jawabi a kan Shinkafa Mai Rabin Surfe

Maganarmu ta yau a kan shinkafa ce, abincin da a zamanin kakanninmu sai ranar salla ko biki ake ganinsa a akushi, amma yanzu ya zama na kullum a gidaje da yawa, daga Kano zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙwanni, daga Kamba zuwa Gaya. Abincin da mutum ke ci sau ɗaya a wata, ko yaya yake, da wuya ya canza lafiyarsa. Wanda yake ci safe da dare kuwa, shi ne ke gina jikinsa ko ya rage masa ƙarfi. Don haka ya kamata mu san irin shinkafar da muke zubawa a tukunya.

Yawancinmu iri biyu muka sani: fara tas wadda injin ya goge har tana ƙyalli, da kuma ja ko mai duhu wadda ɓuntu kaɗai aka cire mata. Akwai ta uku a tsakaninsu, wadda aka surfa kaɗan aka bar mata wani kaso na dusarta da idonta. Ita nake kira mai rabin surfe, kuma ita nake so ku yi tunani a kanta, musamman wajen gajeriyar shinkafar da muke tuwo da waina da sinasir da ita.

Abin da ke cikin ƙwaya ɗaya

Ku ɗauki ƙwayar shanshera ɗaya ku duba. Rigarta ta waje ita ce ɓuntu, mai kaushi, ba mai cin sa. A ƙarƙashinsa akwai wata siririyar fata mai launin ƙasa ko ja, ita ce ke zama dusa idan an surfa. A gefe ɗaya na gindin ƙwayar akwai ɗan ƙaramin ido, daga nan tsiro ke fitowa idan an shuka. Sauran duka farar tsakiya ce, kuma yawancinta sitaci ne, wato abin da ke ba da ƙoshi da ƙarfin aiki.

Dusa da ido idan aka haɗa su ba su wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙwayar da aka ɓare ba. Amma a cikin wannan ɗan kashin ne aka tara mafi yawan bitamin na rukunin B, da mai, da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, da abin da ke sa ciki ya yi aiki ya rage taurin bayan gida. Idan injin ya goge shinkafa har ta yi fari fat, wannan kashin ne ke fita. Mu kuwa sai mu kwashe dusar mu ba kaji da tumaki, su yi ƙiba su yi sheƙi, mu ci abin da ya saura. Duk mai kiwo a cikinku ya san darajar dusa a jikin dabba. Jikin ɗan Adam ma yana da rabonsa a cikinta.

Mafi muhimmanci a maganarmu shi ne bitamin B1, wanda ake kira tiyamin. Aikinsa shi ne taimaka wa jiki ya mai da sitaci ƙarfi, kuma jijiyoyi da zuciya ba sa aiki daidai sai da shi. Babban mutum yana buƙatar kimanin miligiram 1.1 zuwa 1.2 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuma sun fi haka buƙata. Jiki ba ya iya ajiye shi da yawa. Idan aka daina samunsa a abinci, ajiyar takan fara ƙarewa cikin mako biyu zuwa uku. Abin lura kuma, gwargwadon yawan sitacin da mutum ke ci, gwargwadon buƙatarsa ga wannan bitamin. Ke nan wanda ya cika cikinsa da farar shinkafa zalla ya ƙara buƙata, ya kuma rage samu.

Darasin mutanen Japan

Wannan ilimi da rayukan mutane aka saye shi, kuma ƙasar Japan tana cikin waɗanda suka biya mafi tsada. Shinkafarsu gajeriya ce mai danƙo, ta yi kusa da shinkafar tuwonmu. Da farar shinkafa ta wadata a babban birninsu Edo, wanda yanzu ake kira Tokiyo, sai wata cuta ta yaɗu a tsakanin mazauna birni har da manyan gari: ƙafafu su mutu, jiki ya kumbura, zuciya ta gaza. Suka sa mata suna ciwon Edo, saboda sun lura cewa wanda ya koma ƙauye ya ci abincin ƙauye yakan sami sauƙi. Sunan da duniya ta san cutar da shi shi ne beriberi. Kada ’yan’uwanmu Barebari su tsargu, sunan daga ƙasashen Asiya ya zo, ba shi da nasaba da su.

A shekarar 1883 wani jirgin ruwan sojan Japan mai suna Ryujo ya dawo daga tafiyar wata tara. Cikin mutum 376 da ke ciki, 169 sun kamu da cutar, 25 sun rasu. Wani likitan sojan ruwa, Takaki Kanehiro, ya yi zargin abinci ne. Ya nemi a tura wani jirgin, Tsukuba, ya bi hanya ɗaya a 1884, amma a rage dogaro ga farar shinkafa a ƙara nama da madara da wasu abinci. Cikin mutum 333, 14 kaɗai suka kamu, ba wanda ya rasu. Bayan haka aka riƙa gauraya wa sojan ruwa sha’ir a shinkafarsu, cutar ta kusan ɓacewa a cikinsu.

A wajajen 1890 kuma, a tsibirin Java na ƙasar Indunusiya ta yau, wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, ya ga kajin da ake ba ragowar dafaffiyar farar shinkafa suna tangaɗi suna faɗuwa kamar masu beriberi. Da aka koma ba su shinkafar da ba a goge ba, suka miƙe. Wannan ya nuna cewa akwai wani abu a dusa da ke kare jiki. A 1910 wani masani ɗan Japan, Suzuki Umetaro, ya tato abin daga dusar shinkafa, kuma a 1929 aka ba Eijkman lambar yabo ta Nobel saboda aikinsa.

To, me ya sa mutanen Japan ba su koma ga jar shinkafa gaba ɗaya ba? Dalilinsu irin namu ne: tana da tauri, tana daɗewa a wuta, yara da tsofaffi ba sa son ta. Sai suka nemi tsakiya. Suka kasa surfe mataki goma, goma ita ce fara tas. Mai sayen shinkafa yana iya cewa a surfa masa uku, ko biyar, ko bakwai cikin goma. Suna kuma da wata da suke kira haigamai, wadda ake cire mata dusa a hankali a bar mata idonta. Har yau ana sayar da waɗannan a shagunansu, wasu shagunan ma a gaban mai saye suke surfawa gwargwadon abin da ya nema.

Ma’aunin abinci na gwamnatin Japan ya nuna bambancin a fili. A cikin giram 100 na ɗanyar shinkafa, mai cikakkiyar dusa tana da miligiram 0.41 na tiyamin, mai rabin surfe 0.30, mai surfe bakwai cikin goma 0.24, mai ido 0.23, fara tas kuwa 0.08 kacal. Mu yi lissafi irin na kasuwa. Magidancin da ke cin giram 300 na shinkafa a rana, idan fara ce, abin da ke ciki kafin wanki da dahuwa miligiram 0.24 ne, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na buƙatarsa. Idan mai rabin surfe ce, miligiram 0.9 ne, kashi uku cikin huɗu. Mudu ɗaya, tukunya ɗaya, amma riba ba ɗaya ba.

Ina ruwanmu da wannan labari?

Wani zai ce wannan tarihin nesa ne. A Afirka ta Yamma ma an ga cutar. A daminar 1988 ta ɓarke a karkarar ƙasar Gambiya, ta kama matasa majiya ƙarfi, ta yi kisa. Tsakanin 2002 da 2003 ta kama ɗaruruwan fursunoni a gidan yarin birnin Abijan, inda abincinsu kusan shinkafa ce zalla. Duk inda mutane suka dogara ga farar shinkafa ba wake ba gyaɗa ba nama, ƙofar cutar a buɗe take: sansanin ’yan gudun hijira, makarantun kwana, leburori da ’yan ci-rani masu dafa shinkafa da mai da yaji dare da rana, da gidajen da tsadar kayan miya ta matsa.

Abu biyu ne suka daɗe suna kare mu. Na farko shi ne turmi. Surfen hannu ba ya goge ƙwaya ƙarƙaf, kullum yakan bar ɗigon ja a jikinta. Ashe abin da mutanen Japan ke aunawa da lamba, iyayenmu mata sun daɗe suna yin sa da taɓarya. Shinkafar Afirka ta asali, mai jar fata, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara cikin ƙasar Mali ta yau kimanin shekara dubu uku da suka wuce, haka aka riƙa cin ta, da sauran janta. Na biyu shi ne gumi. Idan aka jiƙa shanshera aka turara ta kafin a casa, ruwa da zafi suna tura wani kaso na bitamin daga dusa zuwa cikin tsakiyar ƙwaya, yadda ko an surfa ba zai fita duka ba. Saboda haka matan da ke sana’ar gumi suna yi wa al’umma aikin lafiya, ko da ba su taɓa jin sunan tiyamin ba, kuma wanda ke cin turarriyar shinkafa yana da kariya mai kyau.

Giɓin yana wajen ɗanyar shinkafa, wadda ba a turara ba. Ita muke nema don tuwo da waina, saboda ita ce ke narkewa ta yi danƙo. Ita ce kuma injin ke wa ƙwace mafi girma, tunda ba abin da ya shiga cikinta kafin a goge. A nan rabin surfe ke da amfani. Tuwonta yana tuƙuwa, yana mulmuluwa, launinsa ne kawai ya ɗan sirka kamar na madarar da aka dafa, ga ƙamshi mai kama da na soyayyiyar gyaɗa.

Me ya sa ba ja gaba ɗaya ba?

Wanda ya saba da jar shinkafa kuma cikinsa ya karɓa, ya ci gaba, ita ta fi kowace riƙe amfaninta. Sai dai tana da nauyinta. Takan ɗauki kusan ninki biyu na lokacin da fara ke ɗauka a wuta, kuma kun san kuɗin itace da gawayi. Man da ke cikin dusa yana saurin lalacewa a zafi irin namu, shinkafar ta yi wari da ɗaci. Dusa mai yawa kuma tana ɗauke da wani sinadari da ke rage wa hanji tsotsar ƙarfe, tana kuma cika cikin ƙaramin yaro kafin ya ci abin da zai ishe shi. Mai rabin surfe ta rage waɗannan matsaloli duka, ta riƙe yawancin bitamin. Abincin da iyali za su ci kullum ba tare da ƙorafi ba ya fi amfani a kan wanda za a dafa sau ɗaya yara su ture kwano.

Game da ciwon sukari, ga gaskiyar magana. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2010 ya nuna cewa masu yawan cin farar shinkafa sun fi fuskantar haɗarin kamuwa da shi, masu cin ja kuma haɗarinsu ya ragu. Amma gajeriyar shinkafa mai danƙo, ko da sauran dusarta, tana saurin ɗaga sukarin jini, tuwo kuma ya fi sauri tunda an narkar da ƙwayar. Mai ciwon sukari kada ya ɗauki rabin surfe magani. Ya rage malmala, ya yawaita miyar ganye da wake, ya ci gaba da shan maganinsa da zuwa awo. Mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi likitansa kafin ya ƙara abinci mai dusa, domin akwai sinadaran da ƙodarsa ba ta iya fitarwa yadda ya kamata.

Gare ku ’yan kasuwa da masu injin

Alhaji mai rumfa, Hajiya mai awo, na san tambayarku: wa zai saya? Masu saye sun saba ganin fari su ce mai kyau ce, alhali wani lokacin kallon kitse ake yi wa rogo. Amma ku duba ɓangaren riba. Abin da injin ke gogewa nauyi ne da kuka biya kuɗinsa. Daga kilo 100 na ɓararriyar shinkafa, fara tas takan ba da kimanin kilo 90 ko 91, mai rabin surfe kuwa 95 ko 96. Ƙwaya kuma ba ta karyewa sosai idan ba a matsa mata ba, injin ma ya sha mai kaɗan. Idan kun kai casa, ku ce wa mai injin ya sassauta, kada ya maimaita zubi don neman fari. Ku ɗebi tafi ɗaya ku duba: idan ƙwaya ta yi launin ƙasa-ƙasa mai haske, da ɗan zane a bayanta, da ɗigon ido a gindin yawancinta, an dace.

Ku fara da kaɗan. Ku ajiye kwano ɗaya a gefen fara, ku gaya wa mai saye sunanta da dalilin launinta, don kada ya zaci tsohuwa ce ko mai datti. Ku casa abin da zai ƙare cikin mako biyu ko uku, sauran ku bar shi a shanshera, domin ɓuntu shi ne rumbun da ya fi kowane kare ƙwaya. Ku ɗora buhu a kan katako, nesa da bango da danshi da rana. Wadda ta yi fumfuna ko ta canza wari, kada a gauraya ta da sabuwa a sayar. Wannan cutarwa ce ga mai saye, kuma mai saye ɗaya da ya ji ɗaci zai kore muku goma.

Gare ku iyayen gida

Uwargida, aikin da mai injin ya yi daidai yana iya lalacewa a wajen wanki. Tiyamin yana narkewa a ruwa, idon shinkafa kuma yana saurin ɓallewa. Ki bakace ta a faifai, ki tsince tsakuwa tun tana busasshiya. Idan sai an rege, a yi da hanzari. Wanki biyu a hankali ya isa, ba tare da murza ta tsakanin tafuka har ruwa ya yi fari ya koma garau ba. Bayan wanki ki jiƙa ta rabin awa zuwa awa ɗaya a ruwa mai tsabta, ki dafa ta da wannan ruwan, za ta nuna kusan lokaci ɗaya da fara. Ki ɗan ƙara ruwa a kan yadda kika saba, amma ki auna yadda zai tsotse a tukunya. Dafa shinkafa a ruwa mai yawa a tsiyaye a zubar, zubar da bitamin ne a kwata.

Sai maganar kanwa. Kanwa tana lalata tiyamin. Na san ana sa ta don wake ya yi saurin nuna, amma jiƙa wake tun dare yana yin wannan aikin ba tare da asara ba. Idan ba makawa, a sa ɗan kaɗan ƙwarai. Kwanan ƙullun waina da sinasir kuwa alheri ne, domin tsamin da yake yi yana rage sinadarin nan da ke hana tsotsar ƙarfe.

Idan maigida da yara ba su saba ba, ki fara da gauraye: kashi ɗaya mai rabin surfe, kashi biyu fara, bayan mako biyu ki mai da shi rabi da rabi. Sannu ba ta hana zuwa. Ki sayi abin da zai ƙare da wuri, ki rufe shi a mazubi mai murfi a wuri mai sanyi. Kuma kowace irin shinkafa kika samu, kada ta zauna ita kaɗai a kwano. Wake, gyaɗa, riɗi, waken suya da hanta duk suna da tiyamin. Gero da dawa ma suna da shi sosai matuƙar ba a wuce kima wajen surfensu ba, don haka kada shinkafa ta kori tuwon dawa da fura daga gidajenmu.

Alamomin da ba a jira da su

Ga babba: jin ƙafafu sun yi nauyi ko sun mutu, zafi ko tsira kamar ta allura a tafin ƙafa, ciwon sha-raɓa idan an matsa, kasa miƙewa daga tsugune, kumburin ƙafa, bugun zuciya da haki bayan ɗan aiki. Ga jariri mai shan nono, musamman tsakanin wata biyu zuwa shida: ƙin kama nono, amai, kuka mai yawa sannan murya ta dishe ko ta ɗauke har ya riƙa buɗe baki ba sauti, numfashi da sauri, leɓɓa su yi duhu. Jaririn yana samun tiyamin ne daga nonon mahaifiyarsa, kuma tana iya rasa shi ba tare da ita ta ji ciwo ba. Wannan na gaggawa ne, yana iya kisa cikin awoyi, amma allurar tiyamin tana ɗaga yaro da sauri idan an kai shi a kan lokaci. Waɗannan alamomi suna iya zama na wasu cututtukan dabam, kamar hawan jini ga mai ciki, ko ciwon zuciya, ko na sukari. Duk wanda ya gan su ya nufi asibiti mafi kusa, ko a wane gefen iyaka yake, ya kuma gaya wa ma’aikacin lafiya abin da yake ci kullum.

Saboda jarirai nake roƙon magidanta: idan akwai mai ciki ko mai jego a gida, ita ce ta fi kowa cancantar shinkafa mai sauran dusa, da kunun gyaɗa, da wake, da hanta idan an samu. Abin da ta ci shi ne abin da jaririnku zai sha.

Abin da nake so ku tafi da shi gida bai da yawa. Don dafa-duka da shinkafa da miya, turarriya ta wadatar. Don tuwo da waina, ku nemi mai rabin surfe, idan babu a rumfa ku tambaya, domin ɗan kasuwa ba ya kawo abin da ba a nema. Ku wanke a hankali, kada ku zubar da ruwan dahuwa, ku rage kanwa, ku haɗa da wake ko gyaɗa. Wanda ya ji wannan ya isar wa maƙwabcinsa na rumfa da na gida. Ranar kasuwa mai zuwa, duk mai tambaya ya same mu a ɗakin shan magani.